Kunun Ranar Badujala

Ni na fara gani. A rubuta wannan a can sama, kafin wasu su zo suna cewa wai su tun bazara suka lura. Kafin uwar yarinyar ta sani, kafin Ritva mai bakin rediyo ta shanshano, kai, kafin ita kanta Saana ta san abin da ke hana ta cin abinci, ni Tauno na gama karanta lamarin daga kujerata ta bakin taga. Mutumin da ya yi shekaru yana duban ƙanƙarar tafki ya faɗa maka inda za ta ɗauki doki da inda za ta haɗiye shi, ai fuskar yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba za ta ɓoye masa komai ba.

Sababbin shigowa shafin nan, ku matso. Ni ne wanda garin nan kaf ke kira Ukki, wato Kaka, har waɗanda ban haifi iyayensu ba. Makaranta aji biyu na yi, daji ya kira ni, na tafi saran itace. Ƙanƙara ta taɓa fashewa da ni da dokina, ni na fito. Bishiya ta danne ni har aka aika kiran fasto, ya iso ya tarar ina neman taba. Sau biyu ana tsaga ƙirjin nan ana ɗinkewa. Da baki nake faɗa waya tana rubutawa, jikata Saana ce ta koya min. Amma abin da zan ba ku yau, da gatari zai yi maganinsa da tuni na gama.

A Gidan Soja abin ya fara, kantin nan da ke cikin bariki inda matan garinmu masu koren kaya ke sayar wa yaran da aka ɗauka aikin soja kofi da donot, ba albashi ba lada. 'Yata Merja tana cikinsu, Saana kuma takan kama mata in ta taso daga asibitin da take koyon aikin jinya. Ni kuwa kujerar bakin taga tawa ce, har kanar ya san ba a zama a kanta.

Sai na lura da wani dogon yaro siriri cikin 'yan badujala, mai jajayen kunnuwa, da tabo kamar zobe a leɓensa na sama. Kullum kafin su shiga gwaji zai zo ya bi layi. In Merja ce a kanta, sai ya tsaya karanta sanarwar bango. In Saana ce, sai ya matso.

"Donot biyu."

"Da kofi?"

"Ruwa."

Shi ke nan hirar. Ya biya, ya naɗe su a takarda, ya fita. To ni na san masu busa ba sa kai sukari baki kafin aiki, wai yana bin numfashi ya daskare a cikin ƙahon. Na leƙa ta taga, sai ga shi yana miƙa wa masu gadin ƙofa donot ɗin. Washegari haka. Jibi haka. Masu gadi har kumatu suka yi.

Ranar nan na tare shi da sandata.

"Kai yaro, donot ɗin 'yata ne bai yi maka ba?"

"A'a, Ukki, yana da daɗi sosai."

"Ta ina ka ɗanɗana? Ta aljihu?"

Kunnuwan nan suka ƙara ja har na ji tsoron kada hularsa ta kama da wuta. Sunansa Santeri, ɗan arewa ne, can wajen Kuusamo. Na tambaye shi me yake busawa. Ya ce begila. A nan ne na ture kofina gefe, don na san gidana.

Dole in ba ku labarin Merja, kada ku zage ta a ƙasan rubutun nan. Duk wanda ya zage ta, da ni yake yi. Babu macen da ta kai ta hidimar soja a ƙasar nan. Kafin gari ya waye tana gaban kaskon mai. In an kai yara atisaye daji cikin sanyin da ke tsaga dutse, ita ke tuƙa motar kofi ta bi su, tana ce musu "yarana", tana duba wanda bai sa safa biyu ba. Mijinta Jarmo soja ne. An tura shi kiyaye zaman lafiya wata ƙasa mai zafi a shekarar da Saana ta shiga makaranta, ya dawo cikin akwati da tuta a kai. A makabarta wani yaro ya tsaya bayan bishiya ya busa masa begilar bankwana. Ina riƙe da kafaɗar Merja a lokacin, na ji abin ya ratsa ta kamar an zare mata ƙashin baya. Tun daga ranar za ta iya jin ganga, za ta iya jin sarewa, amma da an ɗaga begila sai ka neme ta ka rasa. Tana kicin, ta buɗe famfo har ƙarshe don kada ta ji.

Saana ta fasa maganar ne a watan da rana ke fara rowa, muna zaune a teburin kicin. Merja tana saƙa safar ulu ta kwalayen da ake aika wa sojojinmu na waje kowace Kirsimeti, da baƙin burodi da kofi da baƙar alewa mai gishiri. Saana tana sanye da tsohuwar rigar sanyin babanta mai ruwan toka, hannun rigar ya rufe mata yatsu. Tana ta juya waya a kan tebur, ta kifa, ta buɗe.

"Mama, akwai wanda nake so ki sani."

Merja ba ta ɗago ba. "Likita ne?"

"A'a."

"To Allah ya taimake mu. Waye?"

"Makaɗi ne."

"A ina yake kiɗan?"

Saana ta kalle ni. Ni kuwa na kalli silin.

"A bariki. Amma Mama, ba a tura su ko'ina, ba ya—"

"Me yake busawa?"

Saana ta ce, "Begila."

Allurar saƙa ta tsaya. Merja ta ajiye safar a hankali, ta shafe ta da tafin hannu kamar mai guga.

"In tsohon soja ya mutu a garin nan, wa ake turawa makabarta?"

"Aikinsa ne, Mama."

"Na sani. To ya taso daga aikin, ya karkaɗe ƙasar kabari daga takalminsa a ƙofata, ya ajiye akwatin abin nan kusa da lemata, ya zauna a teburin nan in zuba masa miya. Da yamma ya ce zai ɗan yi gwaji a ɗaki. Haka kike so?"

Na ce, "Haba Merja, ƙarfe ne fa kawai da aka lanƙwasa."

"Baba, sha kofinka."

Na sha. Mutumin da ya taɓa tsawata wa beyar a daji ta juya, ga shi an ce ya sha kofi ya sha.

"Ki kawo min direban motar shara," in ji Merja. "Ki kawo min mai kiwon alade, ki kawo min sojan ma mai bindiga, na san yadda ake zama da wannan tsoron. Amma ba wannan ba."

Saana ta miƙe, idonta ya cika amma muryarta ba ta rawa. Jinin Tauno ne. "Ranar kiɗan Kirsimeti zan kawo shi gabanki. Hannu kawai za ki ba shi, ban ce ki yi masa murmushi ba. In kin ƙi, zan bi shi Kuusamo, can zan yi bikin Kirsimeti. In na dawo kuma ɗaki zan nema."

"Kyandir ɗin babanki fa?"

"Baba ba zai hana ni ba."

"Ba ki san shi ba, balle ki faɗi abin da zai yi."

Wannan maganar ko ni ta sare ni. Saana ta haye sama, Merja ta ɗauki saƙarta, ta warware layin da ta gama ta sake farawa. Ku gane, kowane jajibirin Kirsimeti in duhu ya fara, mu uku muke takawa makabarta mu kunna wa Jarmo kyandir a cikin dusar ƙanƙara. Ba mu taɓa zuwa mu biyu ba. Wannan tafiyar ce igiyar da ta ɗaure gidan nan.

Makonni suka wuce ana gaisuwa kamar a tashar jirgi. Kwano uku a tebur, ba mai kallon wani. Saana tana sama, ni ina ƙasa, sai waya.

"Ukki, ka yi mata magana."

"Na yi. Ta ce in sha kofi."

"Ka sake."

"Kofin ya ƙare."

Ta turo hoton fuska mai kuka da dariya. Can kuma: "An zaɓi Mama shugabar mata masu koren kaya. Bana ita za ta karanta sunayen sojojin da suka rasu a gaban coci, ba damar gudu kicin. Kuma Santeri aka ba busa. Ya ce zai roƙa a ba wani."

Na ce, "Ki ce masa kada ya kuskura. In ya ɓuya bana, baɗi fa? Ta gan shi yadda yake."

"Ina jin tsoro."

"Ki bar wa kakanki."

"Ukki. Kada ka yi wani abu."

"Ni? Me na taɓa yi?"

To ga abin da na shirya, kuma har yanzu ina cewa dabara ce mai kyau. Duk shekara in badujala ta gama kiɗa a coci, gari ne ke ciyar da su a zauren baya, su da iyalan waɗanda ke waje. Kunun shinkafa da madara, mai kauri, da kirfa da sukari da ɗan man shanu a tsakiya. Ni ke dafa shi tun Merja tana goye, don a sansanin daji na koyi dafa wa mutum ɗari ba tare da gindin tukunya ya kama ba. A cikin tukunyar ana jefa ƙwayar almon guda, mai kama da ƙatuwar gyaɗa, ɓararriya, fara fat. Wanda ya tsince ta a kwanonsa, shi ne mai aure kafin wata Kirsimeti. Nan take mai ganga zai kaɗa, badujala ta ɗan busa kiɗan amarya, zaure ya ɗauki tafi. Na ce a raina, in almon ya fito a kwanon Saana, gari duka ya tafa, fasto ya tafa, kanar ya tafa, ta miƙe ta kamo hannun yaron, Merja ba za ta iya noƙe hannu a gaban jama'arta ba. Saboda haka ban jefa shi a tukunya ba. Na sa shi a aljihun gaba na rigar girkina.

Ranar ta zo. Ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya sauka, dusar ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Cocin ta cika har bakin ƙofa. Yaran bariki a baya da askinsu ƙwal, matan sojojin waje a gaba da 'ya'yansu, kwalayen da za a aika an jere su a gindin bishiyar Kirsimeti kamar bangon bulo. An kafa kyamara don na waje su kalla daga sansaninsu, wata yarinya ƙarama sai ɗaga mata hannu take tana kiran babanta. Saana ta sa jar rigar ulu mai dogon hannu, ta yi kitso biyu ta naɗe a ka, da 'yan kunnen azurfa na marigayiya matata. Merja cikin korenta, farar kwala a goge, ba hoda ba jan baki.

Badujala ta shigo, maɓallai suna walƙiya. Da babbar ganga ta buga na ji ta a ɗinkin ƙirjina. Suka yi na Kirsimeti jama'a suka bi da waƙa, suka yi na maci tsofaffi muka miƙe wuya, aka zaga da kwando kowa ya jefa abin da ya samu. Daga nan aka kashe fitilu, aka bar kyandir guda.

Fasto ya karanta sunayen 'yan garinmu da suka mutu a tsohon yaƙi. Sai Merja ta fito da na baya-bayan nan, ba su da yawa. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran yara cin abinci. Na Jarmo ne na ƙarshe. Ta faɗe shi, ta rufe baki.

Daga bene, can bayanmu, begila ta tashi.

Na sha jin busa a rayuwata, ni ba a burge ni da sauƙi. Yaron nan bai busa don a yaba masa ba. A hankali ya ɗauko ta, kamar mai ɗaga wanda ya ji ciwo. Ni Merja nake kallo. Ta kama gefen teburin da ke gabanta, yatsunta suka yi fari. Ba famfo, ba ƙofa. Ta tsaya har ya sauke. Na ce a raina, madalla, mai wuyar ta wuce, saura nawa.

A zauren baya na ɗaura rigar girki na kama ludayi. Layi ya miƙe. Saana ta iso da kwanonta, na zuba, na juya mata baya kamar mai neman kirfa, na tura almon can ƙasa da babban yatsa, na shafe saman, na ɗora man shanu. Ko aljani bai gani ba.

"Ki cinye tas," na ce. "Kin rame."

Ta ɗauka ta nufi tebur. Ina zuba wa wani saje mai tumbi, ina binta da wutsiyar ido. Merja tana zaune kusa da ƙawarta Ritva, ba kwano a gabanta, ta ɗora hannuwa a cinya. Saana ta zo wucewa. Ta tsaya. Ta dubi uwarta. Mutanen da suka yi makonni ba su haɗa ido ba.

"Mama, tun safe ba ki ci komai ba."

Ta ajiye mata kwanon. Ta sa mata cokali a hannu.

Jama'a, na taɓa kwanciya a ƙarƙashin bishiya ina jin haƙarƙarina suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, ban ji abin da na ji a wannan lokacin ba. Tsakanina da teburin akwai sojoji sun fi ashirin riƙe da kwano. In yi ihu in ce me? Kada ki sha? Sajen yana cewa, "Ukki, ƙaro kaɗan mana, yau rowa kake ji?" Ludayi yana hannuna, kunu yana ɗiga a takalmina.

Ta sha cokali ɗaya. Ta sha na biyu. Har ta ɗan kalli Saana da wani irin ido mai laushi da na daɗe ban gani ba. A na uku ne na ji ƙarar daga inda nake: ƙaras.

Da ita kaɗai ce, da ta ɓoye shi a kunci ta haɗiye. Amma Ritva na gefenta, kuma bakin Ritva kullum yana riga hankalinta isa.

"Almon! Merja ce! Jama'a, ga amaryar bana!"

Tana gama faɗa ta toshe bakinta da hannu biyu, amma ya riga ya fita. 'Yan garinmu suka daskare. Yaran badujala kuwa baƙi ne, yawancinsu ba su haɗa sunan da aka karanta ɗazu da matar da ta karanta shi ba. Abin da aka saba suka yi. Mai ganga ya jawo gangarsa ya fara kaɗawa, masu ƙaho suka ajiye cokula suna dariya, kiɗan amarya ya tashi a kan matar da ta kira sunan mijinta a gaban kyandir ko rabin awa ba a yi ba.

Begilar Santeri tana kan cinyarsa. Bai taɓa ta ba. Ya miƙe, ya tsallake benci, ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar gangar. Mai gangar nan ya girme shi a muƙami nesa ba kusa ba. Ya zaro masa ido. Santeri bai ɗauke hannun ba. Kiɗan ya rushe ƙaho bayan ƙaho, na ƙarshe ya yi wani ɗan kuka ya mutu.

Merja ta ciro almon daga bakinta, ya rabe biyu. Ta taso, sojoji suna buɗa mata hanya, har gaban tukunyata.

"Baba, kwanon wa ka sa wa?"

"Ni? Ai sa'a ce, tukunya ce ke—"

"A shekarar da na kawo Jarmo zauren nan ma sa'a ce?"

Ashe ta san ni na sa mata almon a kwano a wancan karon. Duk shekarun nan ta sani. Kuma ni ban ga laifi a wancan ba, don daga wannan auren Saana ta fito, zan faɗa a gaban kowane alƙali.

"Ka tura ni da tafi," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Yanzu ita za ka tura."

Saana ta iso, fuskarta ta fi almon fari, tana janye da hannun rigar yaron. "Mama, ban sani ba, na rantse ban san ya sa ba. Mama, wannan ne Santeri."

Yaron ya tsaya ƙyam, ya miƙa hannu. Merja ta dubi hannun. Ta dubi tabon leɓensa. Sai ta ɗora ɓarin almon biyu a tafinsa, ba tare da fatarta ta taɓa tasa ba.

"Naku ne, ba nawa ba," ta ce. "Ka busa da kyau. Kada ka zo gidana."

Ta shige kicin. Muka ji famfo.

Da safe, da gari ya ɗan yi haske, wata tsohuwar mota ta tsaya can bakin titi, ba ta shigo layinmu ba. An ce kada ya zo, bai zo ba. Merja ta riga ta tafi kaskonta. Saana ta sauko da jaka a kafaɗa da rigar babanta a jiki. Na tare ƙofa da sandata, ni da na san ko kyanwa ba zan iya tarewa ba yanzu.

"Ki bari a kwana biyu. Zan gyara."

"Ka gyara jiya, Ukki."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ciro kyandir na kabari, irin mai murfin ƙarfe, ta sa min a hannu ta naɗe yatsuna a kai. "Ka kunna masa nawa. Ka ce masa ban gudu ba." Ta sumbaci goshina ta fita. Na tsaya a taga ina kallon yaron ya fito ya karɓi jakarta, ya ɗago ya hango ni, ya cire hula. Har motar ta sha kwana ban motsa ba.

Da rana saƙonta ya shigo: "Mun wuce rabin hanya. Ka tabbata ta ci abinci." Na yi ta magana waya tana rubutawa ina gogewa. A ƙarshe "To" na tura.

Merja ta dawo da yamma tana warin mai. Ta rataye koren kayanta, ta ɗauko kwano uku, ta tsaya, ta mayar da ɗaya. Muka ci dankali da kifi ba wanda ya ji ɗanɗano. Kyandir ɗin Saana yana kan taga, ta gan shi, ba ta tambaya ba. Ina jira ta zage ni, na ma shirya wuyana. Ta tattara kwanuka ta juya min baya a wurin wanki. Ba ta buɗe famfo ba. Ta daɗe a tsaye.

"Baba."

"Na'am."

"Duk sun ɗaga ƙahonsu. Shi yaron me ya hana shi?"

Ba ta jira amsata ba, ta goge hannu ta shige ɗaki.

Ritva ta kira ni ɗazu tana kuka, wai an gama, gidan Tauno ya rabe kuma da ita aka raba shi. Na san cikinku ma akwai masu shirin rubuta haka a ƙasa, har da masu cewa tsoho ya ajiye ludayi ya huta. To ku ji. Ba ni da wata dabara, aljihuna wayam yake. Lasisin tuƙi an karɓe min, Kuusamo ba nan kusa ba ce, 'yata ba ta min magana sai ta gishiri da burodi, jajibiri kuma saura kwanaki kaɗan. Amma macen da ta rufe ƙofa da gaske ba ta tsayawa a gaban famfo tana tambayar abin da ya hana yaro busa. Na ji ƙarar ƙanƙara kafin ta tsage sau ba adadi, na san irinta. Duk mai ganin surutun tsufa nake yi, ya sa rigar sanyinsa ranar jajibiri, ya zo makabartar garinmu in duhu ya fara, ya tsaya bayan katanga ya ƙirga mutanen da ke gaban kabarin Jarmo. In ya ga mu biyu, ya tako ya faɗa min a fuskata. Ina nan tsaye, ba inda zan je.